Tarin Auta da Kujerar Tsakiya

Iyaye mata, musamman ku da kuke renon 'ya'ya a ƙasar sanyi, ku nake rubuta wa wannan. In yaro ya kama tari, kika ɗora ruwan zafi za ki gasa masa ƙirji, ya ce atafau ba za a taɓa shi ba, to ki ajiye tawul ki zauna ki tambaye shi dalili. Kada ki yi irin tawa. Ni waya na ɗauka na kira shugabar Zumuntar Mata, kuma wannan wayar ta ƙara mana sati biyu cur a kan jinyar.

Sunana Saratu, amma Maman Dauda ake ce mini. A tsakiyar shekarun casa'in muna zaune a wani gidan haya na gwamnati a unguwar Lewisham, hawa na uku, ni da maigidana Baban Dauda, direban bas, da autarmu Rahila. Dauda ya tafi jami'a a lokacin. Ni kuwa girki nake yi a wata makarantar firamare, ina dafa wa 'ya'yan Turawa dankali ba gishiri ba yaji, ina roƙon Allah gafara.

Rahila shekararta goma sha shida, a nan London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa ko da faɗa ake yi mata. Tun tana ƙarama ita da zane ba sa ga maciji. Tsofaffin wandunan Dauda take bi tana sakawa, kitso kuwa sai an danne ta. Muka ce ƙuruciya ce, za ta bari.

Cocinmu wani ɗaki ne da muke haya a saman wani tsohon sito a Old Kent Road. Ba mu da yawa, duk 'yan arewa ne, kuma mun taho da tsarinmu na gida ba mu bar ko allura ba. In ka shiga ƙofa, maza su yi dama, mata su yi hagu da ɗankwalinsu, a bar hanya a tsakiya. Tun Rahila na da shekara goma sha uku ta samu wani ciwon kai mai ilimi, wanda ya san kalanda. Ba ya zuwa sai safiyar Lahadi, da an fito daga sujada kuma ya warke. Na yi zagi, na yi lallashi, na yi alkawarin kaza, a banza.

Satin farko na jinyar tari ne kawai, farkon sanyi. Na dafa citta da lemun tsami da zuma, ta sha rabi. Na ɗora ruwan gashi na ɗauko man zafi, irin yadda uwata ta yi mini, ni ma na yi wa Dauda har ya yi gemu. Yarinya ta ƙanƙame wata ƙatuwar rigar sanyi ta Dauda da ba ta rabuwa da ita, ta shige banɗaki ta kulle. Na tsaya bakin ƙofa da tawul yana tururi ina cewa, "Ke, ni na haife ki, me gare ki da ban taɓa gani ba?" Sai ruwan ya huce ni ma na huce. Abinci kuma ta rage. In na tuƙa tuwo sai ta yi ta yi masa rami da cokali, ta ce ta ci a makaranta.

A wannan satin ne kuma na yi faɗa da Baban Dauda a kan bandeji. Yana da ciwon gwiwa saboda tuƙi, ina ajiye masa irin bandejin nan mai miƙewa a cikin gwangwanin biskit. Na buɗe gwangwani babu ko ɗaya. Na ce masa mutum da girmansa ya riƙa zubar da kaya a gareji kamar ɗan firamare. Ya ce shi bai ɗauka ba. Na ce to aljanun Lewisham ne masu ciwon gwiwa.

Sati na biyu muka je wurin likitan unguwa. Kafin a ba ka lokaci sai ka yi ta buga waya da sassafe, wata mata ta ɗauka ta yi maka tambayoyi kamar ita ta haifi likitan. Muka samu, muka zauna cikin masu atishawa har ƙafata ta yi tsami. Likita ya ce ta ɗaga riga ya saurari ƙirji. Ta ce a'a. Na harare ta, ta kalli bango. Bawan Allah ya dubi agogo, ya ɗora abin sauraronsa a kan rigar sanyin da ta kai bargo kauri, ya ce mura ce, ya rubuta magani. Har yau ina jin haushinsa, amma in na tuna ni da na haife ta ban ɗaga rigar ba, sai in rage.

Sati na uku tarin ya koma mai zafi, in ta yi sai ta dafe haƙarƙari. Ta rame, wuya duk ya fito. Nan ne na kira Mama Kande, shugabar Zumuntar Matanmu, mace mai zuciyar kirki da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ran Asabar da rana ta iso da mata biyar, dubiya. Magani kyauta ne a ƙasar nan, na gode wa Allah, amma masu dubiya ba kyauta ba ne. Buhun shinkafar da na saya a kasuwar Lewisham don Kirsimeti, a jinyar nan ya ƙare, mara lafiyar kuwa ba ta ci ko ludayi ɗaya ba.

Mama Kande ta shiga ɗaki ta ƙare wa Rahila kallo, ta fito ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Maman Dauda, ke yarinya ce?"

"Me na yi, Mama?"

"Budurwa 'yar sha shida, ba ta cin abinci, tana ɓoye jiki cikin ƙaton riga, ba ta yarda uwarta ta gani ba. Sai na rubuta miki a allo?"

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba, matan na biye da ni. Na ce, "Rahila, ki dubi girman Allah ki gaya mini, cikin wane ne?"

Yarinya ta dube ni, ta dubi matan da suka jeru da jakunkuna a hammata, sai ta fashe da dariya. Rabona da in ji dariyarta na manta. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba. Mama Kande ta ce to in ba ciki ba ne, iska ce, don mai hankali ba ya dariya a irin wannan wuri. Nan take aka yanke azumin kwana uku, har da mara lafiyar. Ku ji fa, yarinyar da ba ta cin abinci aka sa wa azumi. Ita kaɗai ce a cikinmu ta cika shi ba fashi, har da ƙari. Ni a rana ta biyu na karya da dankalin makaranta.

Sati na huɗu, ran Talata da la'asar, na dawo daga aiki na iske ta zaune a matakalar hawa na biyu, numfashi ya gagara, leɓe ya yi toka. Maƙwabta suka kira motar asibiti. A can nas ba ta tsaya lallashi ba, almakashi ta sa ta tsaga rigar Dauda daga ƙasa har wuya. Sai ga bandejin Baban Dauda, duka huɗun, an naɗe ƙirji da su tamau, an kama da fil. Da aka warware, fatar duk ta saɓule ta yi gyambo. Na tsaya ina kallo, abin da ya fara zuwa mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa. Daga nan sai kuka.

Huhu ya kamu, aka kwantar da ita, aka sa ƙarin ruwa. Bayan kwana biyu wata likita, mace mai furfura, ta kira ni da Baban Dauda wani ɗan ɗaki. Ta ce ta yi hira da Rahila, kuma Rahila ta yarda a gaya mana. Ta ce ciwon huhun zai warke, shi ne mai sauƙin. Ta ce yarinyar tana jin kanta namiji ne tun tana ƙarama, jikin da ke girma yana ba ta tsoro da baƙin ciki, shi ya sa take ɗaure shi, shi ya sa kuma ta daina ci, don kada ya ƙara fitowa. Na ce mata mu a garinmu babu wannan. Ta ce a hankali, wataƙila akwai, ba a dai faɗa ba. Ta rubuta mini kalma biyu a takarda, gender dysphoria, na ninke na tura cikin jaka kamar takardar sammaci. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya mini a wuya: "In ba ta koma cin abinci ba, za ku rasa ta, ko da tari ko ba tari."

Muka koma gida Baban Dauda ya ɗauko dutsen guga. Ya goge kayan aikinsa, ya goge zannuwana, ya goge labule, har tsumman kicin. Kwana uku mutumin nan yana guga.

A asibiti kuwa tiren abinci ya zo, tiren abinci ya koma. Na kai kunun gyaɗa, na kai farfesu, na durƙusa na roƙa. Ta juya mini baya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga kunya, ga haushi, don ni a ganina Allah ya ba ni 'ya mace, ban ga abin gyara ba.

Abin da na fi gudu shi ne Rabaran Ishaku ya ji. Shi ne fastonmu, tsoho ne mai sanƙo, ya yi wa Rahila addu'ar suna da hannunsa, kuma in yana wa'azi a kan zunubi har gilashin taga na amsawa. Amma labarin da Mama Kande ta sani ba ya kwana wuri ɗaya. Ran Litinin da rana sai ga shi a ɗakin marasa lafiya da kwat ɗinsa da leda a hannu. Na ce shi ke nan, man zaitun ne, yau za a yi ihu har a kore mu.

Lemo ne a ledar. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Sannu, Auta." Ya fito da 'yar wuƙa ya fere lemo irin na gida, ya bar farin bayan, ya yanke kan, ya ajiye mata ɗaya a gefen gado. Ya fere wani ya shanye abinsa. Ya sake fere wani ya shanye. Bai yi wa'azi ba, bai tambayi komai ba. Da lokacin dubiya ya ƙare ya yi addu'a gajera, ya ɗauki lemon da ta ƙi, ya shanye shi ma, ya tafi. Na bi shi da kallo na ce a raina, wannan dubiya ya zo ko cin kasuwa?

Haka ya yi Talata, haka ya yi Laraba. Bas biyu yake hawa daga Edmonton don ya zo ya sha lemo a gaban 'yata. Ran Alhamis, ya miƙa hannu zai ɗauki nata ke nan, sai ta riga shi. Ta ce da Turanci ai nata ne. Ta tsotsa, a hankali, har ya ƙare. Ni ina daga ƙarshen gado ina yi kamar ina gyara bargo.

Sai ya ce, "Auta, me ya fi wuya ran Lahadi?"

Ta ce, "Ƙofa." Ta ce in ta shiga dole ta juya hagu ko dama. Ƙafarta ba ta yarda ta yi hagu, dama kuma ba za a bar ta ba. Sai ta tambaye shi ko Allah kuskure ya yi da ita, ko kuwa ya tsane ta ne.

Na jira aradu. Rabaran ya goge wuƙarsa da hankici, ya ce, "Tsana kam babu, wannan na sani kamar sunana. Sauran kuwa ban gane ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na gane ba. Amma ni makiyayi ne. Ba a ba ni izinin barin tunkiya ta mutu da yunwa sai na gama fahimtarta ba." Suka yi ciniki kamar a kasuwa. Ita za ta ci abinci, ta bar bandeji ta sa wata 'yar shimi mai kama jiki da nas ta ce ba ta hana numfashi. Shi kuma ƙofa, a bar masa.

Na tare shi a baranda. Na ce, "Rabaran, ka gaya mini tsakani da Allah, zunubi ne?"

Ya ce, "Maman Dauda, na je laburare na karanta har idona ya yi ruwa, na tambayi faston asibitin nan. Abin da na gani wahala ce, kuma ba ita ta ɗora wa kanta ba. Wa zai zaɓi ya kasa numfashi? Akwai abubuwan da ni da Auta ba mu yarda da juna ba, za mu yi ta gardama a kansu. Amma sai da rai ake gardama. Ki je ki dafa abinci."

Ta fara ci, kaɗan kaɗan, kamar mai biyan haraji. Aka sallame ta a sati na bakwai. Likitar ta sa sunanta a layin ganin ƙwararru, wasiƙarsu kuwa sai da muka kusa mantawa sannan ta zo. A gida ta koma cokali biyu, uku. Na gane tana jira ne ta ga ko tsohon zai cika alkawari, in bai cika ba ta ajiye cokalin.

Lahadin da ta biyo, Rabaran ya sanar cewa littattafan waƙarmu sun yayyage, don haka ya samo na'urar haska rubutu a bango, ta hannu, daga wata makaranta. Ya ce na'urar ba ta zama ko'ina sai tsakiyar hanya, daidai saitin bango, kuma tana son mai kula da ita, mai ido da saurin hannu. Ya ce tana da fanka da fitila mai zafi, saboda haka mai aikin ba zai sa gyale ko ɗankwali mai lilo ba. Ya ce ya riga ya zaɓi Auta.

Bayan sujada Mama Kande ta tare shi a gabana, ta riƙe ƙugu.

"Rabaran, mu fa ba yara ba ne."

"Na sani, Mama."

"Waƙoƙin nan tun muna 'yan mata muka haddace su. Wa ke duba littafi?"

"Littattafan sun yage ko ba su yage ba?"

"Sun yage."

"To ban yi ƙarya ba. Ke kika sa mata azumi, ni na zo in buɗe mata baki. Ki taimake ni."

Mama Kande ta yi tsaki mai tsawo, ta ce ita dai ba ta yarda ba, kuma za ta kai maganar gaban dattawa. Ta kai kuwa, aka yi zama biyu ana musu, iyali ɗaya suka bar cocin, har yau ba ma gaisawa sosai. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Ni kaina bakina ya fi sabawa da Rahila, sai a hankali na koma Auta, wanda shi ne sunan da muka iya haɗuwa a kansa. Abin da ya biyo baya a shekarun gaba na Auta ne, ba nawa ba ne da zan baza. Nawa shi ne jinyar, kuma ga ƙarshenta.

Ranar da za a fara, ba ciwon kai. Auta ta sa baƙin wando da farar riga, waɗanda ubanta ya goge har suna iya yanka hannu. Muka hau matakalar sito, muka iso ƙofa. Na ji numfashinta ya canja. Na yi hagu, Baban Dauda ya yi dama, ita kuwa ta miƙe sosai ta tsakiya. A gaban na'urar an ajiye kujera, a kan kujerar akwai matashi mai ɗinkin fulawa. Duk cocin sun san matashin nan, shi Mama Kande take zama a kai saboda bayanta. Na waiwaya na gan ta zaune a kan katako zalla, ta ɗaure fuska tana kallon gaba.

Aka ɗauki waƙar farko. Auta ta ɗora takarda, rubutu ya fito a bango ƙafa a sama kai a ƙasa. Rabaran ya karkata kai yana ƙoƙarin karantawa. Ba wanda ya tsaya, kowa ya rera daga ka yadda aka saba, muryar Mama Kande a gaba. Auta ta juya takardar, ta fito a karkace, ta sake juyawa. Ana cikin baiti na biyu sai na ga Baban Dauda ya tashi. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana zama jikin bango kusa da hitar ɗumama ɗaki, ko bishop bai isa ya tashe shi ba. Ya bi ta gaban maza yana ba da haƙuri, ya zo kujerar bakin hanya ya zauna, kafaɗarsa kusa da ta Auta. Ya miƙa yatsa ɗaya ya danne mata gefen takardar. Ni ma na tattara jakata na matso bakin hanya ta hagu.

Bayan sujada aka buɗe kuloli, don ranar cin abinci tare ce. Mama Kande ce a kan dafa-duka. Ta zuba wa Auta, ba ta dube ta ba, ta tura mata faranti. Ni ina gefe da nawa, ban iya kai loma ba, ina ƙirga cokulan 'yata a zuci. Na kai goma na daina. Ta share farantin tas, ta tashi ta koma gaban kula ta miƙa shi, da Hausar da ban taɓa jin ta fito daga bakinta ba.

"Mama, a ƙaro."